A Sauka a Tura

Ku da kuka san Kawu Salifu, ku faɗi gaskiya: sau nawa kuka taɓa ganinsa a kan babur? Mutum ne da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana yawo da baƙi cikin daji a kan babur mai ƙafa huɗu, wanda su baƙin ke ce wa kwad, amma in ka tuno shi, abin da zai zo maka shi ne dattijo siriri ya dafa kan babur da hannu biyu yana turawa, anasara uku ko huɗu na bayansa, kowa na fama da nasa.

Dokarsa guda ce. Ba ya wuce wanda ya girme shi yana zaune a kan inji. Da ya hango furfura a bakin hanya zai ɗaga hannu, ya kashe babur, ya sauka, ya cire hular kwano, ya tura har gaban mutumin. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ciwon gwiwa. Sai ya tura ya ba shi baya sosai kafin ya tayar. Duk wanda ke cikin ayarin haka zai yi, ko daga wace ƙasa ya fito.

"Inji ba ya gaisuwa," in ji shi. "Sai ka sauka ka yi masa."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Mumuni bakanike. Da garejina na Sokodé ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kwashi sifanu na bi shi Dapaong. Ni ke gyaran baburan, ni ke rufe bayan ayari, ni ke juya magana zuwa Faransanci, don Faransancin Kawu bai wuce na tambayar kuɗin esans, wato man fetur, ba. Wata madam mai otel ce ke turo mana baƙi, mu kai su kogunan dutse inda mutanen da suka riƙa ɓoye hatsi.

Matsalar ita ce hanyar ta ratsa ƙauyukan ƙabilar Moba, kuma a can tsufa ba ya ƙaranci. Da tsofaffin suka gane halin Kawu, sai suka matso da kujerunsu bakin hanya. Akwai wani da in an gaishe shi a gindin kuka, sai ya yanke ta cikin gonar dawa ya je ya jira mu a bakin rafi. Kawu ya san shi ne. Ya sake sauka.

Na ce, "Kawu, ai mun gaida wannan."

Ya ce, "Tun ɗazu ya ƙara girma."

Wani saurayi Bafaranshe, mai gilashi da safar hannu irin ta masu tsere, ya tura babur har sau biyar kafin hantsi. A na shida ya jefar da hular kwano ya ce shi gudu ya zo yi, ba dako ba. Na juya wa Kawu.

"Gaya masa gudun na nan," in ji Kawu.

"Ya ce a ina?"

"Tsakanin wannan tsohon da na gaba."

A ranar ne, muna wanke baburan, na ce masa cikin wasa ya kwantar da hankali, shekaru na tafiya, tsofaffin nan za su ƙare, sana'a ta yi sauri da kanta. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canja haka ba. Ya ajiye soso.

"Mumuni, ka roƙa mini Allah kada in ga ranar nan. Wanda ba shi da wanda zai saukar wa maraya ne, ko da jikoki sun cika masa tsakar gida."

Wannan shi ne kaɗai abin da Kawu ke tsoro a duniya. Ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron jandarma, ba ya tsoron madam mai otel, wadda ni ko muryarta na ji a waya sai in miƙe tsaye.

Sana'ar kuwa a tsibiri ya koyo ta. Yana saurayi ya shiga jirgin ruwa a Lome yana taya masu gyaran inji, jirgin ya ajiye shi a wani tsibiri can tsakiyar teku ya manta da shi. Sunan tsibirin bai taɓa faɗarsa iri ɗaya sau biyu ba. In an tambaye shi yadda wurin yake sai ya ce, "Ƙasa ce da ruwa ya cinye mata gefe duka." A can wani mutum ke ba masu hutu hayar baburan nan, ana zagayawa da su cikin gonakin rake da bakin ruwa, Kawu na gaba yana nuna hanya. Ya ce shekarun da ya yi a wurin babu mutum ɗaya da ya san sunan ubansa, babu wanda ya taɓa aikensa ko ya tsawata masa don ya isa da shi.

Sai ga wani ƙaton kunkuru da ke kwana a gefen hanyarsu, girmansa ya kai turmi a kife. Wata rana Kawu ya ji ubangidansa na gaya wa baƙi cewa kunkurun nan ya girmi kakansa. Washegari da ayari ya iso wurin, Kawu ya ɗaga hannu.

Ubangidan ya ce masa, "Salifu, dabba ce fa."

"Ni ban ce mutum ba ne. Cewa na yi ya riga ni."

Da turawar ce kawai da an haƙura, baƙi ma har hoto suke ɗauka. Abin da ya kore shi daga aiki shi ne jiran amsa. Ba ya tashi sai kunkurun ya fito da kai, kuma kunkurun yana da ranakun da ba ya son magana. Kawu ya ce babba ba a matsa masa. Haka ya dawo gida da sana'a a hannu da takardar sallama a aljihu.

Ranar da dokar ta kusa ƙure shi ita ce ranar da madam ta turo mana wata tsohuwar anasara, gashinta fari fat, tana dogara sanda. Kawu ya dube ta ya ce in tambayi shekarunta. Na ce matansu ba a yi musu wannan tambayar. Ya ce in tambaya. Ta faɗa tana dariya, kuma ta ba shi rata mai kyau. Kawu ya shafa gemu.

"To, ita ce gaba."

"Kawu, ba ta san hanya ba. Yau ta fara taka ƙasar nan."

"Bin na gaba bin Allah."

Tsohuwar nan ba ta taɓa hawa babur ba, amma da ta ji daɗin iska sai ta riƙa bin duk kwanar da ta burge ta. Mai nuna hanya na biye da ita, ni ina biye da shi. Kogunan suna yamma, mu muka nausa gabas. Da azahar muka tsinci kanmu a tsakiyar kasuwar Korbongou, cikin masu zabi. Na matsa kusa da shi na ce ga shi nan, ta ɓatar da mu.

Ya ce, "Babba ba ya ɓata. Sai dai ya sake shawara."

Ta sayi zabi biyu, ni na riƙo su har otel.

Da hanyoyin arewa suka daina aminci, baƙi suka janye, muka loda baburan a babbar mota muka dawo Sokodé. Muka buɗe sabuwar hanya ta cikin gonakin doya zuwa ƙauyen Kparatao. Kawu ya dawo da murna, yana zaton zai tarar da manyan da ya bari a unguwarmu ta Zango. Ya bi gida gida yana sallama, ana fito masa da 'ya'ya da jikoki. A duk tsawon hanyarmu mutum biyu suka rage da suka girme shi.

Na farko Alhaji Bawa mahauci, wanda teburin namansa ke daidai mafitar gari. Shi kuwa Alhaji Bawa a lokacin yana rina gemu baƙi ƙirin, saboda yana neman wata bazawara mai sayar da koko a tsallaken teburinsa. Rannan tana kallo, sai ga Kawu da anasara biyar sun turo babura sun zube a gabansa.

"Yaya, ina kwana. Yaya ƙarfin jiki?"

Alhaji ya saci kallon mai koko, ya yi ƙasa da murya. "Salifu, wane ne yayanka? Tare aka yi mana kaciya."

"Tare ne. Amma kai aka fara yi wa."

Daga ranar, da Alhaji ya ji ƙarar injinmu sai ya laɓe bayan cinyar sa da ke rataye. Kawu ba ya tona masa asiri. Zai durƙusa ya dubi ƙasa ya ce, "Ƙafafun Yaya, ina kwananku." Bazawarar dai ta aure shi. Ta ce mutumin da anasara ke durƙusa wa kowace safiya ba ƙaramin mutum ba ne. Da Alhaji Bawa ya rasu, Kawu ya fi 'ya'yansa kuka, har aka riƙa yi masa ta'aziyya ana mantawa da su.

Saura Iya Azumi. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Tem, ido ya tafi, tana zama da tiren daddawa a gindin mangwaro a mashigar Kparatao. Ita ta goye Kawu yana jariri, lokacin tana aiki a gidan kakanmu. Da ta ji an kashe inji sai ta ɗaga kai.

"Yaro, kai ne? Uwarka ta san kana yawo da anasara?"

Uwar tasa ta daɗe a ƙasa. Sai ya ce, "Ta sani, Iya."

"Ka ci tuwo?"

"Na ci, Iya."

"Ƙarya kake. Zo nan." Ta laluba ta kama kunnensa, baƙi na ɗaukar hoto, shi kuwa fuskarsa cike da daɗi.

Yadda ya kula da tsohuwar nan, ko likita albarka. Ya saya mata rigar sanyi, ya hana ta shan ruwan randa da asuba, in ta yi tari sau ɗaya sai ya tara jikokinta ya yi musu faɗa. Har ta gaji. Ta taɓa ce mini, "Mumuni, ka gaya wa yaron nan ya bar ni. Ya hana ni mutuwa."

Ya hana ta iya ƙarfinsa. Cikin wata damina ta tafi.

Bayan addu'ar bakwai muka fita da baƙi. Muka bar gari, muka wuce wurin teburin Alhaji Bawa, muka ratsa gonakin doya, muka wuce gindin mangwaro. Hannun Kawu bai ɗagu ba ko sau ɗaya. Muka kewayo muka dawo gida tun mai koko ba ta kwashe ba. Baƙin suka yi ta tafi, suka ce ba su taɓa jin daɗin yawo irin wannan ba. Kawu bai sauko ba. Yana zaune a kan babur da hular kwano a kansa, hannu a kan sitiyari.

Can ya ce, "Mumuni, ashe hanyar nan gajeriya ce."

Na tausaya masa har na rasa inda zan sa idona. Na shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Ya yi kwanaki bai fita ba, ba ya cin abin kirki. Na ɗauka shi ke nan. Sai wata safiya na gan shi ya fito da hular kwano, ya ce a tayar, amma yau ta bayan gari za mu bi. Muna isa katangar maƙabarta ya ɗaga hannu. Na duba hagu, na duba dama.

"Kawu, babu kowa."

"Duk suna nan. Sun ma taru wuri ɗaya, sun sauƙaƙa mana."

Muka sauka muka tura. Ya tsaya a ƙofa ya yi musu sallama, sannan ya bi su da suna ɗaya bayan ɗaya, daga liman na da har Yaya Bawa, har Iya. Ya gaya mata ya ci tuwo. Baƙi na tsaye riƙe da huluna, rana na dukansu. Yawon ranar ya fi na Dapaong daɗewa. Da ya gama sai ya tsaya bai motsa ba, na gane abin da yake jira.

Na ce a hankali, "Kawu, amsar fa ba za ta zo yau ba."

Ya ce, "Babba ba a matsa masa."

Haka ya riƙa yi har jiki ya ƙi. Ciwon bai ja shi da nisa ba. Ranar da muka ɗauko shi, 'yan zemijan ɗin nan masu kabu-kabu, waɗanda suka shekara suna yi masa ihun "a sauka a tura" in ya wuce tasharsu, suka kashe baburansu ba wanda ya ce su yi. Suka turo su a bayan makara tun daga Zango har maƙabarta. Ban taɓa jin Sokodé ta yi shiru haka da rana tsaka ba.

Yanzu ni ne gaba a ayari. Ina da saurin hannu, baƙi na yabawa. Amma in muka zo katangar nan nakan ɗaga hannu, in kashe, in sauka. In wani ya tambaye ni dalili, sai in ce masa akwai babba a nan.

Allah ya jiƙan Kawu Salifu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sa ya tarar da manyansa a inuwa suna jiransa, a amsa masa gaisuwarsa, a sake ce masa yaro.