Ruwan Rijiyar Gidansu Inna

Inna ta kwanta ciwo a gidana da ke Albarika, nan Parakou, a shekarar da idanunta suka gama rufewa. Da ta ji jikin ya yi nauyi ba ta nemi komai ba sai ruwa, ruwan rijiyar gidansu na Djougou.

Dangin Inna jikokin fatake ne, masu zuwa Gonja sayen goro. Kakan kakanta, madugun ayari, shi ya haƙa rijiyar a tsakar gida ya ɗaure bakinta da duwatsu. Tun daga nan ba mai barin gidan zuwa doguwar tafiya sai ya sha ruwanta. Mai zuwa Makka ya sha, amarya ta sha, wanda ajali ya matso ma a ɗiga masa a baki, don mutuwa ma tafiya ce. Ina yarinya nakan sa yatsa a inda igiyar guga ta ci dutsen, yatsan ya shige gaba ɗaya.

Na ɗauki bido, wato jarkar ruwa, na shiga motar Djougou. Rabona da gidan an jima, tun rasuwar kawu, lokacin da ɗansa ya karɓi riƙonsa.

Tun daga ƙofa raina ya fara ɓaci. An kafa allo da Faransanci, wai gidan tarihi. An shafe bangon zaure da fenti, an zana raƙuma a jere. Raƙuma! Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a bayan jakuna. Ga ɗan kawun nawa ya naɗa rawani kamar gammo, shi da ko hula ba ta zama masa a kai, yana kora wa wasu baƙi biyu bayani, suna ta ɗaukar hoto. Har na ji yana cewa kakanmu ya kashe zaki a bakin rijiyar nan. Mu dai da muka tashi a gidan ko kyanwa ba mu ji ya kashe ba.

Na wuce su na shiga ciki. Duwatsun nan da igiya ta ci, an lulluɓe su da siminti an shafa shuɗi, an kifa murfin kwano a kai. Na ɗaga murfin. Warin da ya buge ni sai da na ja baya ina toshe hanci da mayafi. Na daure na leƙa. Ledoji ne, da gwangwanaye, da ƙunzugun yara, da wata mushen kaza ta kumbura tana yawo a kan baƙin ruwa. Ashe 'yan hayar da ya cika bayan gidan da su nan suke zuba shara. Ga kuma sabon bandaki da ya gina wa baƙinsa dab da rijiyar, ƙasan wajen jiƙe sharkaf. Na koma gefe na yi ta amai.

Ya sallami baƙin ya zo yana dariya.

"Taubashiya, ke ma kin cika bincike. Wa ya ce ki buɗe? Turis, baƙin nan masu yawon buɗe ido, ba sa buɗewa, foto kawai suke yi."

"Yaya, Inna ce ta aiko ni. Ruwan nan take jira."

Ya miƙo hannu. "Kawo bidon. Ga famfo nan a ƙofar maƙwabta, a cika miki. Gwaggo ba ta gani, ina za ta gane? C'est la même chose, duk ɗaya ne."

Wallahi maganar nan ta fi warin rijiyar tayar mini da zuciya. Matar da ta goya shi, ita zai yi wa abin da yake yi wa masu hoto. Na ce masa Allah ya isa tsakaninsa da gidan nan, na fizge bidona na fita. Ko ruwan gidan ban sha ba, dama wane ruwa?

A mota na rungume bidon, duk famfon da muka wuce sai na kalle shi. Ban tsaya ba. Inna ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ruwan nan ta san ɗanɗanonsa tun kafin a haife ni.

Na tarar an jingina ta da filo, ta sa an wanke mata ƙaramin kofinta na silba an ajiye kusa da ita. Ta ji motsina ta miƙo hannu biyu. Na ɗora mata bidon. Ta ɗaga shi, ta girgiza a hankali kusa da kunnenta.

"Ta ƙafe ne?"

"Ba ta ƙafe ba, Inna. Shara suke zubawa a ciki."

Ta daɗe tana shafa bidon. Sannan ta laluba ta kife kofin a kan tabarma.

"To," ta ce, "a gidanmu ni ce ta farko da zan tafi da ƙishi."