Kunnen Hagu

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka ɗaura mana aure, na bar Gubuchi na bi maigidana Kano, inda yake kanikancin jiragen sama. Lokacin ne manyan jiragen fasinja marasa farfela suka fara sauka, masu ƙarar da ke sa kwanukan jerena rawa, alhali gidanmu da filin jirgin akwai 'yar tafiya.

Ban taɓa ganin mai kiyaye doka irinsa ba. Kafin ya kusanci jirgi sai ya zazzage aljihunsa, ko ɓarin goro ba ya bari, wai injin na iya zuƙewa. Hula da zobe a akwati suke wuni. Ya sha faɗa mini ba a tsayawa a bakin inji, ba a gitta bayansa, kuma ba ya zura hannu ciki sai ya rataya jan ƙyalle a makunni, don kada wani ya tayar. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, in ji shi. Ni kuwa nakan tsokane shi, in ce saura tukunyata ya rataya wa jan ƙyalle.

Doka ɗaya ce ta gagare shi. An ba su abin toshe kunne, kamar ƙananan ƙoƙuna biyu haɗe da maɗauri, aka ce kada a cire muddin inji na kuka. To, filin cike yake da dattawa, masu shara da masu gadi da masu dakon kaya, sa'o'in mahaifinsa. Shi kuwa tarbiyyar gidansu ba ta yarda babba ya buɗe baki yaro ya tsaya da kunne a toshe ba. Sai ya ɗage na dama, ya rusuna, a yi ta ina gajiya, ina iyali, yaya mutanen gida, ga inji na tsala ihu a gefe. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Ni na fara lura. In na yi magana ta damansa sai in ji shiru, har na yi ta fushi ina zaton wulaƙanci ne. Ranar da ya gaya mini gaskiya tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya kama ni. Kunnen dama ya tafi, na hagu ne ke riƙe da shi. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Da kakar rake muka je gida. Kwana kaɗan aka fara ƙus-ƙus cewa ɗan boko ya yi girman kai, ana gaishe shi yana wucewa. Abin ya kai maƙura a wurin matsar rake, inda ake dafa mazarƙwaila. Surukina ya hango shi ya yi ta kira a gaban jama'a, ɗan nasa bai ko waiwaya ba. Da tsohon ya koma gida ya shaida wa Inna, uwar mijina, cewa jirgi ya ɗauke masa ɗa, in za mu koma Kano kada a zo masa sallama. Wato za mu tafi ba albarkarsa.

Inna ta gaya mini, na gaya wa maigida. Na ce ya je ya faɗi gaskiya, ya ƙi. Ya ce Baba ne ya koya masa rusunawa ga manya, in ya ji abin da gaisuwar ta jawo, kansa zai ɗora wa laifi har ya koma ga Allah. Gara a kira shi mai girman kai. Na dube shi na ga irin taurin kan uban nasa sak.

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa surukina doguwar magana ba, daga gaisuwa a durƙushe sai in tashi. Amma da safiyar tafiyarmu, yana zaune a zaure, na durƙusa a bakin ƙofa na juyar da fuska, na karya alkawari da kunya gaba ɗaya. Na zayyana masa komai, har da ƙoƙunan da dattawan.

Ya saurare ni har na gama. Can ya tambaye ni wane kunne ne, na ce na dama.

Ya sa aka kira maigida. Da ya shigo ya durƙusa, sai tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya zagaya ta hagunsa, ya sunkuya daidai kunnen.

"Ni na koya maka gaisuwa, ni kuma na ɗauke maka ita a gindin jirgi. Ɗaga hannu ya isa. Wannan da ya rage ka adana mini shi, ban gama yi maka magana ba."

A cikin kunnen nan ya sa masa albarka, a hankali, ban ji abin da ya ce ba. Maigida ya kwana biyu yana ɗaure mini fuska, ban damu ba. Daga ranar har Baba ya rasu, duk zuwanmu gida sai ya ja buzunsa ya koma hagun ɗansa kafin ya fara magana.