Gidan da Banki Ya Saya Mini a Jurf

A shekarun da zan ba ku labari, ni mutum ne mai tsoron jin an ƙwanƙwasa ƙofa. Haifaffen Madina ne ni. Kakana ya tako daga ƙasar Katsina ya zo aikin Hajji bai koma ba, a unguwar Ƙurban aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Da ƙuruciyata na shiga sana'ar dabino, ina saro shi daga gonakin Khaibar ina kai wa masu shaguna a kusa da Harami. Da Allah ya buɗa mini sai na yi haɗama, na ɗebi kaya bashi fiye da ƙarfina na zuba a ɗakin sanyi. Injin ya mutu a tsakiyar zafi, dabino ya yi tsami ya yi tsutsa. Masu bina suka kai ni kotu, alƙali ya tabbatar da karyewata, aka sayar da abin da na mallaka aka raba musu, wasu suka yafe ragowar, aka sallame ni. Amma kafin a kai ga sallamar sai da na zauna a gidan kaso, kuma ina can mahaifiyata ta rasu. Ban ga gawarta ba.

Sallamar kotu daban, wankin suna daban. Na samu aikin albashi a ma'ajiyar wani otal, muka koma haya ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu. Duk bankin da na shiga neman su saya mini gida in riƙa biya a hankali, da ma'aikaci ya duba sunana a na'ura sai in ga fuskarsa ta sauya, ya ce in dawo wani lokaci, in sha Allahu. Shekaru suka tura a haka, ban ƙara cin bashin ko kwalbar ruwa ba, har furfura ta fito mini. Ranar da aka kira ni aka ce an amince, a bakin titi na tsaya ina kuka. Sharaɗinsu shi ne in samo gidan da bai wuce abin da suka yanka mini ba, abin kuwa ba shi da yawa.

Wani dillali ya kai ni unguwar Jurf ya nuna mini tsohon gida mai tsakar gida da bishiyar lemun tsami. Kuɗinsa ya yi araha har na tambayi dalili. Ya ce daga gwanjon kotu wani kamfani ya saye shi, mai gidan bashi ne ya ci shi. Ni da na fi kowa sanin ma'anar wannan magana, sai na kawar da kai. Ban tambayi ko wane ne ba, ban tambayi inda iyalinsa suka nufa ba, kuma ban gaya wa matata ba. So nake in riƙe mabuɗi kafin banki ya sake shawara.

Tun kafin mu tare na fara ganin abin da ban gane ba. Nakan biya bayan azahar in duba aikin masu fenti, a lokacin da rana ke korar kowa daga titi. Wata rana da masu fentin ba su zo ba, na buɗe gida na tarar an share tsakar gida tas, sawun tsintsiya a jere, an yayyafa ruwa, gindin lemun nan a jiƙe. Na ce ƙila su ne. Da na tambaye su suka ce su ma haka suke tararwa, sun ɗauka matata ce ke zuwa. Na canza makullin ƙofa, na yi shiru.

Bayan mun tare abin bai tsaya ba. Matata ta ce tana kwance da rana, yara suna barci, sai ta ji shara a tsakar gida, a hankali, irin ta wanda ba ya sauri, da wata murya ƙasa-ƙasa tana salati. Tsoro ya hana ta leƙawa. Da ta fito bayan la'asar babu kowa, amma an jera takalmanmu a bakin ƙofa, kowane yana fuskantar waje. Wata rana aka sauya wa tukwane wuri a kicin. Ƙaramar 'yarmu, wadda ke jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta tambayi uwarta wace ce kakar nan da ta shafa mata kai tana barci. Muka kira malami ya yi karatu a kowane ɗaki, muka riƙa kunna Suratul Baƙara. Maƙwabta kuwa gaisuwa kawai, in na fara tambaya sai su ce Allah ya sanya albarka, su shige. Ranar da matata ta tarar an linke mata sallayar da ta bari a shimfiɗe, ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta a Ƙurban, ta ce ba za ta sake kwana a gidan ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Gidan yana hannun banki har sai na gama biya, ba na iya sayar da shi yadda na ga dama, ba na iya haɗa biyan wata da kuɗin haya. In na saɓa biya sau ɗaya, sunan da na yi shekaru ina wankewa zai sake baƙi, wannan karon har kabari. Sai na ɗauki hutu a wajen aiki, na yi sallar azahar, na zauna a falo ni kaɗai, na bar ƙofar tsakar gida a buɗe.

Gidan ya yi tsit, ba a jin komai sai na'urar sanyaya ɗaki. Can sai na ji ƙarar ƙarfe daga bayan tankin ruwa, inda tsofaffin katakai suke jingine. Katakan suka motsa. Ashe akwai wata 'yar ƙofa a nan mai fita lungun baya, ban taɓa lura da ita ba. Wata tsohuwa ta sunkuyo ta shigo, 'yar ƙarama, baƙin mayafinta ya koɗe, mabuɗi ɗaure a bakin zanenta. Ta ɗauki tsintsiya kamar wadda ta ajiye ta jiya. Ta yi shara har ta iso bakin falo, ta ɗago ta gan ni. Ba ta firgita ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki tsintsiyar ta ce da Hausar Kano irin ta mutanen da, “Ɗan nan, ka rame. Sun sake ka?”

Ban san lokacin da bakina ya ce, “Sun sake ni, Inna.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Na ce musu za ka dawo. Ga gidanka nan, ban bari ya yi ƙura ba.”

Ta dafa kaina da hannunta mai sanyi. Na durƙusa a gabanta na yi kukan da ban samu yi wa mahaifiyata ba.

Muna haka wata mata ta shigo ta 'yar ƙofar a guje, tana haki tana ba da haƙuri da Hausar mutanen Chadi. Surukar tsohuwar ce. Ta ja ni gefe ta ce mijinta, ɗan tsohuwar, shi ne mai gidan, yana tsare saboda bashi, su kuma suna haya a ɗaki ɗaya a bayan layin. Tsohuwar ta rikice, ba a taɓa gaya mata an sayar da gidan ba, an ce mata gyara ake yi. Da ta ga surukar ta kwanta da rana sai ta sulale. Maƙwabta duk sun sani, kunya da tausayi suka hana su faɗa mini. Ta roƙe ni kada in kira 'yan sanda.

A ranar na je Ƙurban na gaya wa matata komai, har da abin da na ɓoye mata na gwanjo. Ta yi fushi, ta ce ni da aka taɓa fitar da kayana titi ban kamata in shiga gidan wani ido rufe ba. Amma ta dawo, kuma ita ce ta ce kada a toshe ƙofar. Tsohuwar ta ci gaba da zuwa, matata tana ajiye mata shayi, tsohuwar tana kiran 'ya'yana da sunayen jikokinta, su kuma suna amsawa. Ni kuwa har ta bar duniya ɗanta nake.

Akwai abin da har yau ba mu cika tayar da maganarsa ba. Wata Talata matata tana kicin ta ji tsohuwar ta shigo, ta gaishe ta ta taga, ta ce ta amsa mata sarai, har ta ce a gaida mai gida. Washegari surukar ta zo ta ce tsohuwar ta rasu, kuma tun ranar Lahadi tana kwance a asibiti ba ta ko iya tashi. Na ce wa matata ƙila ranakun ne suka rikice mata. Na bi gawar aka yi mata salla a Harami, na sa kafaɗata a makararta.

Bayan wani lokaci aka saki ɗanta. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida, na yi na yi ya shigo ya ƙi. Ya ce ba ya riƙe ni da komai, halal na saya, ya zo ne kawai ya ga mutumin da uwarsa ta mutu tana cewa ɗanta ya dawo. Muka tsaya a rana mu biyu, kowannenmu yana tsare uwarsa ta rasu.

Har yanzu ina biyan banki, kuma ban ce neman gida ta wannan hanya laifi ne ba. Wanda ya taɓa karyewa kada ya yanke ƙauna, suna yana wankuwa in an yi haƙuri. Amma ina gargaɗin 'yan'uwana, musamman waɗanda suka daɗe suna jira kamar yadda na jira: ɗokin mabuɗi kada ya rufe muku ido. In an ce gida ya yi araha, ku tambayi wanda ya fita daga cikinsa, da halin da ya fita, kuma ku gaya wa iyalinku gaskiya tun kafin ku sa hannu. Kotu tana iya sayar da gida a yini ɗaya, amma mutanen cikinsa ba a ranar suke gama fita ba.