Allurar da Milka Ta Yi wa Baba Gershon

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa a wajajen Fadan Kagoma ya san hannun Sista Milka. Ita ce nas a ƙaramin asibitin ƙauyensu, ita ce kuma mai kiɗa da tulu a zumuntar mata ta coci. Matsoraciya ce ta ƙarshe, ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai ta kurma ihu, "Yesu!" Amma wajen allura kam, kowa ya yarda hannunta ba zafi.

Sai ranar da Baba Gershon, manomin citta, ya zo jiki na kyarma. Layi ya yi tsawo, ta yi sauri, allurar ta sauka ƙasa da inda ya kamata. Ya ƙwalla ƙara, ya ce wuta ta bi ƙafarsa har yatsu. Ta san ta taɓa jijiya, amma bakinta ya ce, "Zai wuce, Baba."

Ina! Ƙafar ta saki, sai janta yake yi. Nan da nan gari ya samo mai laifi: Zamani, tsohon da suke rigimar iyakar gona da shi, wai shi ya binne wani abu a kunyar citta. Samari suka ce ran Lahadi, ana tashi daga coci, za su kwashe wa Zamani rufin ɗaki su kore shi.

Labarin ya iso kunnen Milka. In ta yi magana aikinta ya tafi, wataƙila ma nata rufin za a kwashe. In ta yi shiru kuwa, tsoho zai rasa wurin kwana a kan laifinta.

Ran Lahadi a coci tulun ya ƙi buguwa a hannunta. Ta ajiye shi ana tsakiyar waƙa, ta nufi gidan Gershon. Ta durƙusa.

"Baba, ba Zamani ba ne. Allurata ce ta taɓa jijiya. Na sani tun ranar, tsoro ya hana ni faɗa. Mu je babban asibiti a Kafanchan, amma ban sani ba ko ƙafar za ta dawo."

Ya dubi ƙafar, ya shafa ta. Daga nesa aka ji an fara waƙar tashi daga coci.

"Miƙo mini sandata, 'yata," in ji shi. "Riƙe ni, mu riga yaran nan zuwa gidan Zamani."