Nobe a Cikin Kwalba

Shekaranjiya ɗana ya shigo gida da wata Bafaransa. Sana'arsa ke nan, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido a motarsa ya kai su Iferwan da cikin duwatsu. Wannan ta ce tana so ta ga gidan mutanen Agadas na asali, shi ne ya kawo ta ta gan ni, sai ka ce ni ma wani tsohon gini ce. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Da rana ta yi sanyi sauro ya fara kuka, sai ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar kwalba tana shafa wa hannuwanta da wuyanta. Ƙamshin ya bugi hancina, ban san lokacin da carbi ya suɓuce mini ba. Nobe ne. Wallahi nobe ne, ciyawar nan mai ƙamshi da Abzinawa ke saukowa da ita daga dutse dami-dami. Idona ya yi rauni, haƙora sun yi mini sallama, amma hancina bai tsufa ba.

Bari in gaya maka abin da ya sa raina ya ɓaci, don kada ka ce tsohuwa ta rikice.

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas lokacin, Nasara ba su daɗe da zama garin ba. Mu biyar ne a gida: mahaifina wanda maɗinki ne, mahaifiyata, ni, ƙanwata da ke goye ba a yaye ta ba, sai Kaka, uwar mahaifina. Kaka 'yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki. Ni take kira Sarkin Susa, don in sauro ɗaya ya shigo gida ni zai nema, ni kuwa sai na yage wurin da farce.

Daminarmu gajeruwa ce, ka sani. Wata biyu ne, ƙoramar Telwa ta kawo ruwa ta wuce, ƙasa ta yi ɗan kore, sauro ya zo ya ci rabonsa. Tun kafin hadarin farko Kaka ta riga ta tanadi nobe a rataye a ɗakinta. Kullum in an kusa kiran magariba sai ta ɗauko wani tsohon kasko, ta zuba garwashi, ta rufe shi da busasshen kashin raƙumi don kada ya yi harshen wuta, sannan ta ɗora nobe a sama. Da kaskon take bin ɗakuna, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta zagaya bayan randa, ta sauke labulen tabarma, daga ƙarshe ta ajiye shi inda mai goyo ke kwana. Kowane gida haka ake yi. In ka hau soro da yamma sai ka ga garin duka ya lulluɓe da shuɗin hayaƙi, hasumiyar babban masallaci kaɗai ke leƙowa. Wanda sauro ya ciza duk da haka, Kaka ta kwaɓa toka da man shanu ta shafa masa, ta doke hannunsa in ya kai farce.

A shekarar da nake ba ka labari, Nasara sun gina sansanin sojansu. In ce sun gina? Iyayenmu suka gina, aikin dole, ba ko sisi. Ƙasar ginin kuwa a bayan unguwarmu aka haƙe ta, aka bar wani rami da zai haɗiye gida goma. Dattawa sun ce a haƙa nesa da mutane, kumandan sojan ya ce nesa ɓata lokaci ne. Da ruwa ya sauka ramin ya cika, ya kwanta, ya yi kore. Sauron da ya fito daga cikinsa ba mu taɓa ganin irinsa ba. Tun la'asar yake tashi, ka ga ya yi baƙi a kan jakuna. Kaka ta ninka nobe, muna ta lallaɓawa.

Ana cikin haka ƙanen kumandan ya zo daga ƙasarsu. Shi ba soja ba ne, ba ɗan kasuwa ba ne, yawo kawai ya zo, ya ga hamada ya huta. Abin ya ɗaure mana kai, mutum ya baro gidansu ya sha wannan tafiya don kallo. Yana da wani akwati mai ƙafa uku da yake shiga bayansa ya rufe kai da baƙin zane ya ɗauki hoton mutane. Saboda shi aka kira mahaifina sansani ya ɗinka sange, gidan sauron nan na farin yadi mai shara-shara. Kwana uku yana ɗinki, ya yi masa wanda mutum huɗu za su kwana ciki su yi juyi. Da ya gama aka tattara ƙyallayen da suka rage, ko tafin hannu ba a bar shi ya fito da shi ba.

Daga bakin mahaifina muka ji abin da ya biyo baya. Baƙon ya hau soron sansani da yamma zai ɗauki hoton hasumiya, hayaƙinmu ya tare masa. Ya yi tari, ya ce garin na warin kashin dabba. Sauro kuma ya same shi a idon sawu, wurin ya kumbura. Washegari mai shela ya zagaya da doka biyu. Ta farko, ba hayaƙin yamma har baƙo ya tafi. Ta biyu, likitan Nasara ya ce cikin randunanmu sauro ke haihuwa, don haka gardi, 'yan sandan Nasara, za su bi gida-gida, duk randar da aka ga tsutsa a ciki a fasa ta.

Gardi biyu suka shigo mana da hantsi, ba sallama. Ɗaya ya leƙa babbar randar Kaka, wadda ta zo da ita tun aurenta, ya ce ya ga abu na motsi. Ƙaryarsa ta sha ƙarya! Randar da ake wankewa kowace safiya, a rufe da faifai? Ya ɗaga gindin bindiga ya buga. Ruwan da mahaifiyata ta yi sawu huɗu tana ɗebowa ya malale a tsakar gida. Daga inda yake tsaye, da ya ɗaga kai ta saman katanga, da ya hango ramin nasu yana ƙyalli. Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Kun bar jaki kuna dukan taiki.”

Da yammar nan ta kunna kaskonta kamar ba a yi shela ba. Ba a jima ba gardin suka dawo, suka shure kaskon ya tarwatse, suka ce wa mahaifina in an sake ganin hayaƙi a gidan, shi za a ɗaure. Bayan sun fita ya durƙusa gaban uwarsa, babban mutum da gemunsa, yana roƙonta. Ya ce kwana kaɗan ne, baƙo zai tahi. Kaka ta share garwashin da tsintsiya, ta mayar da noben inda yake rataye.

To, mu manya muna iya kore sauro, mu mari kanmu, mu yi tsaki. Jaririya fa? Aka lulluɓe ta da zane, zafi ya ishe ta ta yi ta kuka tana shure shi. Aka koma fifita, mahaifiyata ta yi har hannunta ya mutu, Kaka ta karɓa, ni ma a ba ni. Amma barci ɓarawo ne. Kowace safiya sai mu ga sabon cizo a kumatunta, a fatar idonta, har tafin ƙafa. Kaka ta shafa toka da man shanu, mahaifiyata ta gutsure mata farce da haƙori don kada ta yage kanta. Yarinya ce mai ƙiba da yawan dariya, haƙoranta biyu ne a ƙasa, in ta kama yatsana ta ciza sai ta ƙyalƙyale. A cikin mako na biyu ta daina dariya. Jikinta ya yi zafi kamar dutsen rana, ta ƙi nono.

An yi abin da aka sani. An dafa nobe an yi mata wanka da ruwan, tunda tafasa shi ba a hana ba. An karɓo rubutu wurin malam. Mahaifina ya je ya roƙi kinin, maganin masassarar nan mai ɗaci da yake gani baƙon na haɗiya kullum kafin cin abinci. Aka ce masa na Nasara ne da sojansu.

Ranar da ya dawo hannu wofi Kaka ta ɗauki ƙwarya ta ce in biyo ta. Muka je bakin ramin, ta tattare zane ta shiga har gwiwa ta kamfato ruwan. Na leƙa ciki, 'yan tsutsotsi ne fal suna wutsil-wutsil. Ta ɗora a ka, muka nufi sansani. Mai gadi ya ga tsohuwa da ƙwarya ya zaci kyauta ce, ya bar mu muka wuce. Kumandan da ƙanensa suna zaune a inuwa, mai fassara na tsaye gefe. Ta dire ƙwaryar a gabansu.

Ta ce wa mai fassaran, “Hwaɗa mai, wanga ruwa ba na randata ba ne, na ramin da sunka sa anka gina ne. Shi duba da idonai. Sun hwasa min randa, sun kashe min wuta, jikata na can kwance. Laihi tudu ne, ya taka nashi yana hangen namu. Ko shi cike raminai, ko shi bar ni in kunna hayaƙina.”

Mai fassaran ya sunkuyo ya ce a hankali, “Tsohuwa, ki ruhwa ma ɗanki asiri.” Sannan ya juya ya yi musu magana da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kumandan ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Baƙon ya tashi da murna ya jawo akwatinsa, aka ɗora wa Kaka ƙwaryar a ka, aka ce ta tsaya cik. Ta tsaya, tana tsammanin wani abu ne na shari'arsu. Ya ɗauki hotonta, aka miƙo mini ƙwayar sukari, aka raka mu ƙofa. Sai daga baya mai dafa musu abinci ya gaya wa mahaifina abin da aka fassara: wai tsohuwa ta kawo wa baƙo ruwan maraba. Har yau in na tuna, ƙirjina zafi yake yi. Wataƙila hoton na nan rataye a wani ɗaki a ƙasarsu, ana nuna wa jikoki ana cewa ga wata baiwar Allah mai son baƙi.

Baƙon ya tafi da safiyar wata Laraba, lafiyarsa ƙalau, raƙuma shida ɗauke da kayansa, har da sangen da mahaifina ya ɗinka. Da yamma garin duka ya tashi da hayaƙi. Kaka ta aro kasko a maƙwabta ta kunna, ta ajiye shi kusa da ƙanwata, tana fifita mata ƙamshin da hannu. Ya zo a makare. Ranar Juma'a da hantsi yarinyar ta cika a cinyar mahaifiyata.

Na sani, rai na Allah ne. Ko kafin Nasara damina tana ɗaukar yara, ban ce nobe yana hana ajali ba. Amma a bar mutum ya yi iyakar abin da ya sani, in an fi ƙarfinsa ya ce haka Allah ya so. Mu ɗaure mana hannu aka yi, don wani ya ɗauki hoton hasumiya. Ramin kuwa an cike shi a shekara ta gaba, da masassara ta kayar da kumandan kansa. Iyayenmu dai suka sake ɗaukar ƙasa a ka suka cike.

Yau abubuwa sun sake. Akwai lantarki daga tashar wuta ta Anu Araren, akwai sange a kasuwa, yara na shan kinin a asibiti, kuma na gode Allah. Matan jikokina ba sa son hayaƙi, wai yana sa tufafi wari. Ni dai ina da dami guda na nobe a ɗaki, in damina ta zo ina kunnawa inda jaririn gidan ke kwana, mai tsaki ya yi tsakinsa.

Baƙuwar ɗana ta ga ina kallon kwalbarta, sai ta miƙo mini da fara'a tana bayani. Ɗana ya ce, “Inna, wai ki riƙe. Ta ce magani ne mai kyau, daga wata ciyawa aka yi shi, ya kamata mu nan mu san shi saboda yara.”

Na tashi da kyar na shiga ɗaki na ciro noben, na kai mata har hanci. Na ce, “Hwaɗa mata mun san shi. Mun san shi tun kakanta bai san hanyar garin ga ba. Su sunka hana mu kunna shi, ƙanwata ta mutu. Hwaɗa mata duka, kada ka rage.”

Ya dube ni, ya dubi matar da ke biyansa kuɗin mota. Sannan ya juya ya yi mata magana da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ban iya Faransanci ba, amma shekara tamanin ina jin sa a garin nan, na san “mersi”, kalmarsu ta godiya, in na ji. Matar ta yi murmushi ta dafa ƙirji, ta ɗauko abin ɗaukar hotonta ta nuna ni da noben a hannu.

Na juya mata baya, na je na hura garwashina.