Wuri Na Huɗu

Maƙwabcina Likitan Sauro, ni na raɗa masa sunan, kuma ya bi shi. Benci ɗaya muka zauna a firamare, ni nake ba shi satar amsa a lissafi. Daga aji shida na kama facin taya, shi kuwa ya miƙe, har yau bai sauko daga karatun ba. Wai dokta ne, amma ranar da haƙori ya hana matata sakat, kwatancen asibiti kawai ya yi mana.

Aikinsa? Kullum da safe ya zo bayan shagona da farar riga da ludayin roba, ya tsuguna yana kwasar 'ya'yan sauro daga ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyina. Ya juye a kwalba yana lallaɓa su kamar jarirai.

"Dokta, yau ma an zo gaida dangi?"

"Kai dai ci gaba da hura iska," in ji shi.

Sai ga labari: wata jami'a a ƙasar waje tana neman masu bincike, abin da suke kira fosdok, wato karatun bayan an gama karatu. Shekara biyu, ga gida, ga ɗakin gwaji mai sanyi. Sauron tayoyina ne ya ja hankalinsu, don an fesa masa magani iri uku ya ƙi mutuwa. Saura kwasa ɗaya ya cika rahotonsa, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa.

Abin ya tsaya mini a wuya. Ni da taya, ni da ruwa, ni da shan cizo, shi da hawa jirgi? Ranar Alhamis na kife tayoyin nan kaf, na ce ai tsafta nake yi.

Da ya zo ya tarar ƙasa ta shanye ruwan, bai yi faɗa ba. Zama ya yi kan bencina, ludayi a hannu.

"Aikin shekara huɗu ke nan, mutumina," ya ce a hankali.

Da zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Akwai wata tayar tirela ƙarƙashin tarkace da na kasa ɗagawa, cike take da ruwa.

"Saura guda, Dokta. Amma sai ka sa ni a takardar binciken."

"Na yi alkawari."

Ya samu gurbin. Ya tafi, har da ƙwan sauron, an naɗe su kamar gwal. Bayan wata takwas ya aiko da takardar, matata ta bi ta shafi-shafi da yatsa tana neman sunana. Can, a jerin wuraren da aka kwaso sauro, ta fashe da dariya.

"Ga ka nan, maigida! Wuri Na Huɗu, tarin tsofaffin tayoyi."

Yanzu duk layinmu haka ake kirana, har mai gyaran babur. Jikokin saurona suna can ɗaki mai sanyi, ana ciyar da su kan lokaci. Ni kuwa 'yan uwansu na nan suna cizona kyauta, ko fasfo ban taɓa riƙewa ba.