Edem Kafinta da Baƙon da Ya Ƙwace Mini

To Majeed, tunda Madam ɗinku ta ce kowa ya rubuta labarin wani mutumin unguwa, kai kuma duk faɗin unguwarmu ta Kaladan ba ka ga kowa ba sai Edem kafinta, zauna in faɗa maka. Babu wanda ya san shi kamar ni kakanka. Rubuta yadda na faɗa, kar ka gyara mini baki.

Edem mutumin kudu ne, daga bakin iyakar Togo. Ranar da ya sauka Tamale ba shi da komai sai akwatin kayan aiki da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Lokacin ni ne mai masaukin fataken shanu. Duk wanda ya sauko daga arewa gidan Mahamudu yake tambaya, in ba shi ɗaki, in nemo masa mai saye, in raka shi tasha. Edem ba bafatake ba ne, coci ma yake zuwa, amma na ba shi rumfar da ke jikin katangata ya kafa bencinsa. Daga baya ya samu gidan da ke kusa, ya auri Sabina mai sayar da kenke, tuwon masarar nan na kudu, 'ya'yansu suka girma suka tafi Kumasi.

Aikinsa yana da kyau, wannan ba na musu. Sai dai jinkiri. In ka ba shi kujera da azumi, sai babbar salla. Kullum ƙusa a bakinsa, yana waƙar coci ta hanci. Hausarsa kuwa har yau ba ta miƙe ba. Sai ya ce, "Maigida, Sabina ya tafi kasuwa." In ce, "Edem, matarka ce fa." Ya ce, "Shi ɗin dai."

Wannan shi ne mutumin da ya ƙwace mini baƙo.

Madam Perpetual, mai koya muku Faransanci, ta haɗa ajinku da wata makaranta a Maraɗi. Kuna ganin juna ta kwamfuta, ku kuna karya Faransanci, su suna karya Turanci. Da aka ce yaran za su zo su yi 'yan makonni a gidajen mutane, na sa babbar rigata na tafi sukul da ƙafata. Na ce, "Madam, baƙon arewa ba ya sauka ko'ina sai gidana. Tambayi kowa." Ta ba ni Sidiki.

Kai, yaron nan da ya buɗe baki ya gaishe ni, sai da na ji idona ya kawo ruwa. Hausar fatake ce sak, wadda na daɗe ban ji ba tun da manyan motoci suka kashe mana sana'a. Na yanka masa zabo. Muka zauna a zaure, in ambaci gari ya ce ya san shi, in ambaci kasuwa ya ce kakansa ya ci ta. Haka kullum, daga sukul sai hira. Kai ma kana gefe baki buɗe, kar ka ce ba haka ba.

Ranar da Madam ta zo dubawa, ta yi wa Sidiki tambaya da Turanci. Ya ce, "Na'am?" Ta juya ta yi maka da Faransanci, ka tsaya kana sosa ƙeya.

Ta ce, "Baba, a gidan nan da wane yare kuke magana?"

Na ce, "Da yaren mutane."

Ta ce, "Baba, Hausa yana da ita a gidansu. Turanci ya zo nema, Majeed kuma Faransanci. Sauran yara duk sun wuce su."

Ina shirin ba ta amsa, sai Edem ya leƙo ta kan katanga, ya cire ƙusar bakinsa, ya yi wa yaron wata magana ta hanci. Sidiki ya yi tsalle yana dariya, ya mayar masa. Ashe Faransanci ne. Na ce, "Edem, duk shekarun nan kana da wannan a ciki ka ɓoye?" Ya ce, "Maigida, ba ka tambaye ni ba. Uwana ɗan Togo ne."

Washegari Madam ta sa aka ɗauki jakar yaron aka zagaya da ita ƙofar gaba, gidan Edem. A kan idon unguwa. Daga gidan da bai taɓa sallamar baƙo ba sai ranar tafiyarsa.

Edem ya kafa doka: kafin sukul Turanci, bayan sukul Faransanci, wanda ya yi Hausa ya goge katako. Ina zaune a zaure ni kaɗai ina jin dariyarku ta katanga, kai ma ka koma can kamar ba ni na yi maka huɗuba ba. Ya saya wa yaron buta da tabarma sabuwa. Sabina ta koma sayen nama wurin mahaucinmu. Rubuta wannan, ba na danne wa mutum haƙƙinsa. In an kira salla sai Edem ya turo yaron: "Je ka bi Maigida masallaci." Wato aron baƙona yake ba ni, daga ƙofa zuwa masallaci, in dawo masa da shi.

Ranar tafiya na ce rakiya dai tawa ce. Na soya zabo na ƙunshe, na isa tasha. Na tarar Edem ya riga ni, jakar tana kafaɗarsa, Sabina tana share hawaye da bakin zani. Kai da Sidiki kuna ta zuba, rabi Turanci rabi Faransanci, Madam tana washe baki.

Sai wayar yaron ta yi ƙara. Babansa ne daga Maraɗi, ya ce a ba shi mai masaukin ɗansa. Na gyara riga. Sidiki ya dube ni, ya dubi Edem, ya miƙa wa Edem.

Edem ya saurara, ya yi Faransanci, wancan bai gane ba. Mutumin ɗan kasuwa ne, bai yi boko ba. Edem ya yi masa tasa Hausar, wancan ya zubo ta Maraɗi da gudu. Edem ya fara gumi, ya miƙo mini: "Maigida, taimake ni, Hausansa ya yi sauri."

Na kara a kunne. Bawan Allah ya ce in gaya wa mai masauki ya zama ɗan'uwansa, gidansa na Maraɗi gidansa ne, yaro ba ya da zance sai nasa, Allah ya sāka, Allah ya ja kwana, Allah ya raya zuri'a. Ya daɗe yana yi. Ni ina tsaye da zabona a hannu ina cewa amin.

Edem ya ce, "Me ya ce, Maigida?"

Na ce, "Ya ce an gode."

Ya ce, "Duk wannan dogon magana?"

Na ce, "Haka mutanen Maraɗi suke, ba sa gajarta zance."

Sauran saƙon yana wurina. In Edem yana so, ya san ƙofar zaurena, ya zo ya yi sallama ya zauna, in ba shi kaɗan kaɗan.